Ƙafafun Katakon Zuleide

Da takalmi abin ya fara. Ƙanwata Zuleide ta dawo daga kasuwa wata ranar Asabar, ta cire silifa, sai ga sawun igiyar ya zauna raɗau a bayan ƙafarta. Na ce zafin rana ne, ta ce yawan tsayuwa ne. Muka bar maganar a nan, muka ci wakenmu da garin rogo.

Kafin damina ta wuce, idon sawunta ya ɓace ɗungurungum. Daga gwiwa har yatsu ƙafar ta zama abu guda, fatar tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Idan na danna ƙwaurinta da babban yatsana sai wurin ya lotsa, ramin ya tsaya yana kallona, har in je in ɗora ruwan kofi in dawo bai gama cikewa ba.

Ni ce babba. Sunana Dalvanira, ban taɓa aure ba, kuma ba don an rasa mai tambaya ba. Zuleide ce ta yi, ta auri Nonato, wanda giyar rake ta cinye shi a gaban idon duk mutanen Barra Seca. Shi ma da ƙafa ya fara, sai ciki ya biyo baya, sai ido ya koma rawaya. Bayan mun binne shi na tattara komatsaina na dawo gidanta. Ita tela ce, rigunan masu ziyarar Waliyyi Faransisko take ɗinkawa, masu ruwan ƙasa da farar igiya a ƙugu. Ni kuma in goge, in ninke, in kai wa masu su.

Tagarmu tana kallon tagar Dona Creuza. Ita ke jan addu'ar mata a coci, ita ke haɗa motar ziyara duk shekara, don haka duk wadda za ta ɗinka riga sai ta fara jin ta bakinta. Mace ce da ba ta taɓa zagin kowa ba, tambaya kawai take yi.

"Dalva, yaya mai jiki?" in ji ta wata safiya, ina shara a ƙofar gida.

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara. Ni dai abin ya tuna mini da marigayi, haka nasa suka fara. Kwalaben da ya bari, kun dai zubar ko?"

Na dogara tsintsiya na dube ta. "Dona Creuza, ƙanwata ko ruwan inabin coci ba ta san ɗanɗanonsa ba."

"Haba, ni me na ce? Tambaya fa na yi. Mace ta zauna da mutum shekara da shekaru, ga kaɗaici, ga baƙin ciki. Wa zai ga laifinta?"

Kafin rana ta yi tsaka, layin namu kaf ya gama yafe wa Zuleide laifin da ba ta yi ba. Masu kawo ɗinki suka fara ja da baya. Wata ma ta zo ta karɓe yadinta, wai ba ta son rigar da za ta tsaya da ita gaban Waliyyi ta bi ta irin wannan hannu.

Asibitin garinmu suka tura mu babban birni, Fortaleza. Aka ɗebi jini har na ce ko sayar da shi suke yi. Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau, ta zaunar da mu ta ce, "Dona Zuleide, hantarki ce ba lafiya. Amma ba wani abu da kika ci ko kika sha ne ya jawo ba. Jikinki ne ya daina gane hantar, ya ɗauke ta baƙuwa, yake yaƙarta."

"Jikina? To me na yi masa?"

"Ba ki yi masa komai ba, haka yake samun wasu, galibi mata. Ba ya warkewa, amma ana lallaɓa shi a daɗe. Magani kullum, ba fashi, ko kin ji sauƙi. Gishiri kuwa ku yi sallama."

Zuleide ta murza bakin jakarta. Can ta ce, "Likita, ko za ki biyo mu Barra Seca ki faɗi wannan a ƙofar coci ranar Lahadi?"

Likitar ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ni ban yi ba.

Na kai wa Dona Creuza bayanin da bakina, kalma bayan kalma. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai. "Jiki ya yaƙi kansa," in ji ta. "Oh! Likitocin birni akwai kirki, Dalva. Sun san yadda ake rufa wa mace asiri."

Haka muka shiga zaman jinya. Na ɗora ƙafafun gadonta na ƙasa kan bulo don ruwan ya gangaro. Da rana ta kwanta a tabarma ta jingina ƙafafu da bango, tana kallon rufin ɗaki, ni ina yi mata fifita. Na ɓoye gishiri a bayan tulun ruwa, na daina sayen busasshen naman gishiri, abin da ba a taɓa rasawa a tukunyar gidanmu ba tun muna yara. Waken ya koma lami. Na matsa masa lemun tsami, na zuba tafarnuwa har ido na ruwa, duk da haka sai ta ɗanɗana ta ce, "Yaya, wannan wake ne ko hukunci?" Takalmanta duka suka ƙi ta, sai tsofaffin silifan Nonato na tsage musu igiya na ƙara tsumma. Ranar da ta fara sa su ta yi kuka, don da ta dubi ƙasa ƙafafunsa ta gani.

Keken ɗinkin ma ya gagare ta takawa. Sai in zauna a ƙasa ƙarƙashin teburin in riƙa danna matakin da hannu, ita tana sama tana jan yadi. "Yaya, a hankali! Jirgi kike tuƙawa?" "To sauko ki taka da kanki, sarauniya." A irin wannan lokacin kaɗai muke dariya.

Ɗaya daga cikin magungunan kuma ya kumbura mata fuska, kumatu suka yi tulu-tulu, har wuya ya shige. Layin ya samu sabon abin kallo. Suka ce ai ga fuskar nan ta fito, ta mashaya ce sak.

A tsakiyar wannan ne ta yi wa Waliyyi alkawari. Idan ƙafafunta suka koma cikin baƙin takalminta na zuwa coci, za ta kai masa katako da hannunta. A wajenmu duk wanda Waliyyi ya warkar sai ya kai masa siffar gaɓar da ta yi ciwo, sassaƙaƙƙiya da icce, ya ajiye a ɗakin da ke gefen babban cocinsa, can garin da ake zuwa ziyara. Ba ta jira ta warke ba ta aika aka kira Seu Valdemiro, tsohon masassaƙin garinmu, wai gara ya ga ƙafafun da ciwonsu don kada Waliyyi ya ruɗe. Tsohon ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya danna ƙwaurin hagu da yatsa, ya ga ramin ya tsaya.

"Har da wannan zan sa," in ji shi.

Ya kuwa sa. Ya kawo ƙafafu biyu masu kauri, ba idon sawu, yatsu a cure, ga ɗan rami a ƙwaurin hagu daidai girman babban yatsa. Zuleide ta ɗaure su tare da ƙyallen yadi ruwan ƙasa, ta ɗora kan kabad. Ni dai ban so su ba, duk inda na juya a ɗakin sai in ga kamar wani ne ya tsaya a can sama aka yanke shi daga gwiwa.

Sannu a hankali maganin ya kama. Fitsari ya yawaita, ƙafafu suka fara saɓewa, fatar ta yi yaushi. Wata safiya na danna, ramin ya cike kafin in ɗauke ido. Ana saura 'yan kwanaki bikin Waliyyi na watan Oktoba ta zura baƙin takalmin, ya shiga. Ta zagaya ɗakin da shi tana ƙwas-ƙwas kamar yarinyar da aka yi wa sabon saye.

Muka hau motar katakon da Dona Creuza ta haɗa, kowa da rigarsa ruwan ƙasa, a jere kan benci, ana waƙoƙin coci ana shan ƙura. Zuleide ta rungume ƙafafun katakon a cinya. Dona Creuza ta dubi na katakon, ta dubi na naman a cikin takalmi, ta sake duba na katakon.

Ɗakin kuwa ba masaka tsinke. Kawuna, hannuwa, nonuwa, zukata, ƙafafu tuli har kusan rufi, ga warin kyandir da gumi. Wanda ya ajiye katako yakan ajiye har da abin da ya dogara da shi a lokacin ciwo, gurgu ya bar sandarsa, mai miki ya bar bandejinsa. Na san da wannan, uwarmu ma ta taɓa barin tabarau a can ta dawo gida tana laluben ƙofa. Amma ban kawo komai a raina ba sai da na ga Zuleide ta durƙusa ta ajiye ƙafafun, sannan ta zaro ledar magungunanta daga cikin riga ta ɗora a kansu.

"Ke! Me kike yi?"

"Abin da kowa ke yi, Yaya."

Na miƙa hannu zan ɗauke ledar, sai Dona Creuza ta riƙe ni. Hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarta. Ta rungume Zuleide a gaban matan motarmu duka ta ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini. Mai ɓoye laifi a zuci Waliyyi ba ya karɓar katakonsa. Ga shi ya karɓi naki. Mun ci amanarki, wallahi mun ci."

Na ga fuskar ƙanwata ta haskaka a lokacin. Tun kafin ta auri Nonato rabon da in gan ta haka. Na sauke hannuna, na ce a raina bari mu je gida, ai magani bai ƙare a duniya ba.

A gida ta ce sam. Wanda ya kai katako ya koma shan magani, in ji ta, ya ce wa Waliyyi maƙaryaci ke nan. Na yi lallashi, na yi faɗa, na fasa faranti. Na jawo mata Fada, limamin cocinmu, har gida, ya zauna ya sha kofi ya gaya mata cewa Allahn da ya yi waliyyai shi ya yi likitoci. Ta saurare shi da ladabi, ta raka shi ƙofa, ta dawo ta ce, "Mutumin kudu ne, bai san yadda ake yi a nan ba."

Abin haushi, watannin farko kamar ita ke da gaskiya. Kumburin fuska ya sauka, kumatunta na da suka dawo. Ɗinki ya yi mata yawa har muna mayarwa, kowace mace tana son rigar da ta fito daga hannun wadda Waliyyi ya taɓa. Ana kawo mata jarirai ta dafa musu kai. Ana aiko mana da ƙwai, da mazarƙwaila, da busasshen naman gishiri ƙulli-ƙulli. Da yamma, lokacin da kowa ke fito da kujera ƙofar gida, sai ta zauna da farantinta a cinya tana yagar naman nan a gaban jama'a, tana lasar yatsu. Ni ina daga ciki zuciyata tana tafasa.

Wajen farkon damina na ga ta daina sa baƙin takalmin. Ta ɗinka wa kanta siket mai jan ƙasa. Ta daina bari in taɓa ta, idan na matso sai ta janye ƙafa ƙarƙashin kujera. Ta fara susa, hannu da baya, har da jini. Sannan wata safiya ta juyo wajen taga tana zura zare a allura, haske ya faɗa mata a ido, na ga farin ya koma kalar ƙwaiduwa.

"Zuleide, ɗaga siket ɗin nan."

"Ba zan ɗaga ba."

Na ɗaga da kaina. Sun fi na bara. Fatar ta tsage a wuri biyu tana tsattsafar da ruwa, ta naɗe da tsumma. Cikinta ma ya fara tasowa.

"Tashi mu tafi Fortaleza."

"Katakona yana can, Yaya. An gama magana."

Da wannan kalmar na kwana a raina, na tashi da ita. Katakonta yana can. To idan ba ya can fa? Idan alkawarin bai cika ba, ai ba wanda za ta ƙaryata. Ni ba mai zurfin ilmi ba ce, iyakar dabarar da ta zo mini ke nan. Na ce mata zan je duba wata 'yar ƙanen babanmu, na hau bas da sassafe.

Ba lokacin biki ba ne, garin Waliyyi shiru kamar an yi shara. Wani dattijo mai gadin ɗakin ya ce na bara an kwashe su zuwa rumfar baya don a samu wurin na bana. Na ce ina son in yi addu'a kusa da na 'yar'uwata. Ya dube ni, ya dubi jakata, ya nuna mini hanya ya koma kujerarsa.

Tulin ya fi ni tsawo. Na tuɓe takalmi na hau. Ina ture hannuwa, ina ture kawuna, ƙura tana shiga mini hanci, gizo-gizo yana bin wuyana. Ban taɓa sanin yawan masu ciwon ƙafa a ƙasar nan ba sai ranar. Ƙafar yaro, ƙafar tsoho, mai miki ja da aka shafa da fenti, mai yatsu huɗu, mai lanƙwasa. Kowacce da mai ita, kuma na tabbata ba duka ne suke tafiya a yau ba. Tun hantsi nake tono har rana ta take tsaka, sai yatsana ya faɗa cikin wani ɗan rami da ya san shi. Na jawo, ga su a ɗaure da ƙyallensu.

Ni ma fa a hannun Waliyyin nan aka raine ni, sunansa uwarmu ta kira ranar da ta haife ni. Na durƙusa a kan tulin na ce, "Ubana Faransisko, ba sata ba ce, aro ne. Idan ka ji haushi, ga ni nan, ka bar ta." Na naɗe su cikin mayafi na cusa a jaka. Mai gadin yana gyangyaɗi ko yana yin kamar yana yi, ban tsaya tantancewa ba.

Rana ta yi sanyi na iso gida. Tun daga ƙofa na ji ƙarar keke a hankali, da hannu take juya shi. Riga ce take ɗinkawa, ruwan ƙasa, faɗinta daidai jikinta, amma tsawon ya zubo daga tebur ya kwanta a ƙasa. Na kwance mayafin na dire ƙafafun a gabanta.

"Ga su. Alkawari bai cika ba. Gobe sai Fortaleza."

Ta daɗe tana kallonsu. Na shirya wa ihu, na shirya wa zagi. Sai kawai ta sa yatsa cikin ramin ƙwaurin tana shafawa.

"Kin sha wuya, Yaya. Dubi gashinki." Ta numfasa. "Kina tsammani ni wawiya ce? Na san abin da ya sauke mini ƙafa. Ko Waliyyi ne ya turo likitar, ko ba shi ba, wannan tsakaninsu ne. Amma na sani."

"To don me, don girman Allah?"

"Surukar Creuza ce ke miƙa magani a asibitin garin nan. Ranar da aka gan ni a layin karɓar magani, an gama."

"Sai in riƙa karɓo miki daga birni. Ki sha a ɓoye, wa zai sani?"

"Fuskata za ta faɗa. Kin manta yadda take yi?" Ta ture ƙafafun gefe. "Shekara nawa ina matar mashayi? Ina jan shi daga kwata, ina wanke masa wando, ina sunkuyar da kai a kasuwa. Ya mutu na ce na huta, sai aka ɗora mini kwalbarsa. Yanzu ne kaɗai, Yaya, tunda nake, ake tashi a ba ni kujera. Ba zan koma ba."

"Mutuwa fa za ki yi."

"Kowa ma zai yi."

Sai a lokacin na dubi rigar sosai. "Wannan ta wace ce?"

"Tawa."

"Ke da ba ki kai kafaɗata ba?"

"Don ta rufe ƙafa. Ke za ki yi mini wanka, ke kaɗai. Kada ki bar Creuza ta shigo sai kin sa mini ita kin ja ta har ƙasa. Sai ku ce ciwon zuciya ne."

Har da abin da za mu ce ta tanada. Na tsaya ina kallon ƙanwata, wadda na goya, wadda na koya wa zura allura, tana auna wa kanta rigar kabari don Dona Creuza ta ci gaba da gaishe ta. Wani baƙin ciki ya kama ni, haushi ya biyo bayansa, kuma ni haushina ba ya tsayawa shawara. A waje ina jin ana jan kujeru, layin ya fara fitowa shan iska.

Na ɗauki ƙafafun na nufi taga.

"Yaya." Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, ta koma ta zauna. "Yaya, kada ki yi. Na roƙe ki da kabarin Mama."

Na buɗe tagar duka biyu, na dire su a bakinta, yatsu suna kallon titi.

Hira ta tsaya gida bayan gida. Dona Creuza ta taso da carbinta a hannu, ta tsallako, ta sunkuya. Ta ga ƙyallen, ta ga ramin.

"Dalva, waɗannan ba su ne..."

"Su ne," na ce da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. "Ni na je na ɗauko su. Zuleide ba ta warke ba. Ciwon hanta ne irin wanda likita ta faɗa, kuma yana nan. Wanda ke da mota ya taimaka mana gobe."

Dona Creuza ta ja da baya ta yi alamar gicciye. "Waliyyi ya mayar mata," in ji ta a hankali.

"Na ce ni na ɗauko!"

"Da bai yarda ba, 'yar nan, da hannunki ya shanye kafin ki kai ƙofa. Ya mayar mata da abinta." Ta girgiza kai, idonta ya ciko, da gaske take tausayin. "Allah sarki. Ashe dai."

Washegari motar asibiti ta zo. Zuleide ba ta yi gardama ba, ta bari muka ɗauke ta kamar buhu. Matan layi suna leƙe ta bayan labule. A Fortaleza aka kwantar da ita, aka zuƙe ruwan cikin da allura. Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ja ni gefe ta ce abin da hantar ta rasa a watannin nan ba zai dawo ba, amma da sauran abin da za a riƙe, idan an riƙe shi da kyau.

Yanzu muna gida. Gadon yana kan bulonsa, gishiri yana bayan tulu. Tana shan maganin a kan lokaci, ba sai na tuna mata ba. Fuskar ta sake cika. Ƙafafun sun ɗan sauka amma ba su koma cikin baƙin takalmin ba, kuma ba na jin za su koma. Ba mai kawo ɗinki, ba mai kawo jariri. Da yamma ba ta fita, tana kwance da ƙafafu a bango tana jin hirar layi ta cikin taga. Na katakon suna kan kabad inda suke da.

Idan aka ce in sake, zan sake. Na faɗa wa Fada haka, na faɗa wa Waliyyi. Amma tun ranar ba ta ƙara ce mini Yaya ba, kuma ban san abin zai yi mini ciwo haka ba.

Jiya da safe na zo duba ta. Ta miƙo ƙafar ba tare da ta dube ni ba, na danna, ramin ya tsaya. Ina gyara kabad sai rigar nan ta faɗo, a ninke, da tsawonta. Na ce ko in ba da ita, kada ta riƙa ganinta tana ɓata rai.

"A'a, bar mini abata," in ji ta, idonta a kan rufi. "Ki dai rage mata tsawo, Dalvanira. Me ya rage da zan rufe?"